Shekara nawa mai fasaha zai ci gajiyar aikinsa?

Marigayi Bubu Hama, tsohon shugaban Majalisar Dokokin Nijar, wanda ya wallafa littattafai masu yawa kan tarihi da al'adun ƙasa, ya rasu a Yamai cikin watan Janairu 1982. Bisa ga dokar Nijar, littattafansa suna da tsaro har shekara 50 bayan rasuwarsa, watau har ƙarshen 2032. Kafin wannan lokaci ba wanda ke da ikon sake buga su, ko juya su zuwa Hausa ko Zabarmanci, sai da yardar masu riƙe da haƙƙin. A ƙetaren iyaka kuwa, Alhaji Abubakar Imam, mai "Magana Jari Ce", ya riga shi rasuwa da wata bakwai kacal, cikin Yuni 1981, amma dokar Nijeriya shekara 70 ta yanka. Saboda haka littafin da aka fara bugawa a 1937 ba zai zama na kowa da kowa ba sai 2051 ta ƙare, shekara 114 bayan fitowarsa.

Wa ya yanka 50, wa ya yanka 70, kuma bisa wane dalili? Gardama ce da ta haura shekara 300 ana yin ta, har yanzu ba ta mutu ba.

Haƙƙi iri biyu ne ake magana a kai. Na farko shi ne haƙƙin mawallafi, wanda ya shafi littafi, waƙa, kiɗa, zane da silima. Na biyu shi ne takardar shaidar ƙirƙira, wadda ake kira "brevet" da Faransanci (ba brevet na ɗan kwaleji ba), wadda hukuma ke ba wanda ya ƙago sabuwar na'ura ko sabon magani. Duka biyun yarjejeniya ce tsakanin mutum ɗaya da jama'a. Hukuma ta hana kowa kwaikwayon aikin har wani lokaci don mai shi ya maida wahalarsa; in lokacin ya cika, aikin ya koma dukiyar kowa. Ba a cika jayayya kan wannan tushe ba. Tsawon lokacin shi ne abin rigima.

Yadda shekaru suka yi ta ƙaruwa

Dokar farko ta haƙƙin mawallafi a Ingila aka kafa ta, a 1710. Shekara 14 ta ba marubuci, in yana da rai bayan nan a ƙara masa 14. Amurka ta bi wannan ƙa'ida a 1790. Faransa ta ɗauki wata hanya a 1793: tsawon ran marubuci, da shekara 10 ga magadansa.

A 1841 maganar ta shiga majalisun ƙasashen biyu a lokaci guda. A Paris, mawaƙi Lamartin, wanda yake ɗan majalisa ne, ya nemi a ba magada shekara 50. Hujjar masu wannan ra'ayi tana da ƙarfi, kuma duk manomi zai gane ta. Mai gona yana barin gonarsa ga ƴaƴansa da jikokinsa ba tare da an yanka musu wa'adi ba, haka ma mai gida da mai garke. To, don me wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubutu cikin dare za a ce dukiyarsa ita kaɗai ke da ranar ƙarewa? Majalisar ba ta amince ba a wannan karo, sai a 1866 Faransa ta kai 50.

A Landan kuwa an nemi shekara 60 bayan mutuwa, sai masanin tarihi Tomas Makoli ya tashi ya ƙi. A ganinsa wannan haƙƙi haraji ne da ake ɗora wa masu karatu don a saka wa marubuta, harajin da ya dace, amma bai kamata ya wuce lokacin da ake bukatarsa ba. Ya nuna cewa ba marubucin da zai ƙara himma yau don kuɗin da za a karɓa shekara 60 bayan an binne shi. Sa'an nan ya kawo labarin jikar babban mawaƙinsu Miltan, wadda ta tsufa cikin talauci har aka yi wasa don a tara mata taimako, alhali haƙƙin waƙoƙin kakanta yana nan daram a hannun wani mai buga littattafai da gidansu ya saye shi tun da daɗewa. Majalisa ta yi watsi da shirin.

Wannan labari na jikar Miltan shi ne zuciyar maganar. Marubuci mai bukata yakan sayar da haƙƙinsa tun yana da rai, kuma mai saye ba ya ƙara masa kuɗin kirki don shekarun da ke can nesa. In aka tsawaita wa'adi, galibi ba maraya ke cin ƙarin ba, kamfani ne. Game da misalin gona kuma, akwai bambanci: wanda ya shiga gonar wani ya nome ta ya raba shi da ita, amma wanda ya rera waƙar wani bai raba shi da waƙar ba.

Duk da haka shekaru ba su daina hawa ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ke cikinta, ta tsaida shekara 50 bayan mutuwa a matsayin mafi ƙaranci tun gyaran 1948. Tarayyar Turai ta koma 70 a 1993. Amurka ta bi a 1998, ta kuma ba ayyukan kamfanoni shekara 95, abin da ya sa hoton farko na ɓeran nan Mickey Mouse, na 1928, bai kuɓuta ba sai ranar 1 ga Janairu 2024. Meksiko ta kai 100. Amma akan sauko ma: Kodebuwa ta taɓa yanka 99, ta dawo 70 a 2016.

A nan ya kamata a sake duba "Magana Jari Ce". Sanannen abu ne cewa Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na ƴan'uwan nan biyu Jamusawa, su Girim, ya sa musu rigar Hausa har suka zama kamar a nan aka haife su. Na ƙarshe cikin su Girim ya mutu a 1863. Da ana bin ƙa'idar Meksiko ta yau, da littafinsu yana kulle har 1963, kuma da sai Imam ya nemi izini daga Jamus kafin aku ya buɗe baki. Kowane mai fasaha daga rijiyar jama'a ya sha, kuma wa'adi shi ne ke maida ruwa cikin rijiyar.

Maganar magani

Takardar ƙirƙira ba ta taɓa yin tsawon haƙƙin littafi ba. Birnin Benis na Italiya ya ba da shekara 10 a 1474. Ingila ta ba da 14 a 1624, watau lokacin da maigida zai yaye almajiran sana'a sau biyu, tun da shekara bakwai ake koyo. Yau ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, OMC, wadda ta fara aiki a 1995, ita ce shekara 20.

Nijar ba ta ba da wannan takarda ita kaɗai. Tana cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda mazauninta ke Yawunde, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Bangi ranar 2 ga Maris 1977. Yarjejeniyar ta farko shekara 10 ta ba mai ƙirƙira, a ƙara masa biyar sau biyu in ya nuna cewa ana aiki da abin da ya ƙago cikin ƙasashen ƙungiyar. Dabara ce mai kyau: wanda ke son dogon tsaro, sai ya kawo masana'anta. Gyaran 1999 ya share wannan sharaɗi, ya ba da 20 kai tsaye.

Kamfanonin magani suna cewa 20 ma ta yi musu kaɗan, domin gwaje-gwaje kan cinye kusan rabinta kafin magani ya shiga kasuwa, kuma magunguna da yawa da aka kashe wa kuɗi ba sa kai labari. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai abin da ya faru da ciwon sida ya nuna ɗaya gefen. A shekara ta 2000 maganin mutum ɗaya na shekara guda ya haura dalar Amurka 10,000, wajen miliyan 7 na sefa. Cikin Fabrairu 2001 kamfanin Cipla na Indiya, inda doka a lokacin ba ta hana yin irin waɗannan magunguna ba, ya yi tayinsa a kan dalar Amurka 350, wajen jaka 250. Cikin Afirilu kamfanoni 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu, kuma a Nuwamba taron Doha ya tabbatar wa ƙasashe ikon sa lafiyar jama'a gaba. Mai jiran littafi yana iya haƙuri. Marar lafiya ba shi da shekara 20 ta jira.

Abin da ya shafi Nijar

Nijar ta fi sayen littattafai da magunguna daga waje bisa ga sayarwa. Duk shekarar da aka ƙara wa wa'adi, kuɗi ne zai ƙara fita. Don haka tsayawa kan 50, mafi ƙarancin da Berne ta yarda, ba gazawa ba ce, ko da yake maƙwabta irin su Nijeriya da Burkina Faso suna kan 70.

Kuma damuwar makaɗin Tawa ko marubucin Damagaram ba shekarun bayan mutuwa ba ce. Dā a kaset ake kwafe waƙarsa, yanzu a kasuwa ake tura ta daga waya zuwa waya, shi kuwa bai ga ko dala ba. An kafa dokar haƙƙin mawallafi a 1993, aka sabunta ta a 2010, kuma akwai ofishin BNDA mai karɓar kuɗi daga masu amfani da ayyukan fasaha ya raba wa masu su. Ƙarfafa wannan aiki zai fi amfanar mai fasaha bisa ga a yi masa alkawarin shekara 100 da ba zai gani ba.

Akwai kuma wata ƙofa da ma'aikatan ilmi ya kamata su sani. A gyaran Paris na 1971, yarjejeniyar Berne ta yarda ƙasa mai tasowa, in ta sanar da niyyarta, ta ba da izinin fassara littafi don koyarwa ko da mai shi bai amsa ba, muddin an nemi yardarsa kuma an biya shi ladan da ya dace. Ga harshen da ba a amfani da shi a ƙasashe masu arziki, kamar Hausa, Fulatanci ko Tamashek, shekara ɗaya kawai ake jira bayan fitowar littafin. Ƙasashe ƙalilan ne suka yi aiki da wannan dama, alhali ɗaliban yaƙi da jahilci suna gama koyon karatu su rasa abin karantawa.

Ranar 1 ga Janairu 2033 littattafan Bubu Hama za su zama na kowa a cikin Nijar, duk mai iyawa ya juya su zuwa harshen da ya ga dama. A wannan rana ce kuma sassaucin da OMC ta yi wa ƙasashe mafi ƙarancin arziki, har da Nijar, na kada a tilasta musu kare takardun ƙirƙira kan magunguna, zai ƙare, in ba an sake tsawaita shi ba.