Kallon Tsuntsaye a Gonakin Kura da Bunkure

Kallon tsuntsaye shi ne mutum ya fita ya lura da tsuntsayen dawa a inda suke rayuwa, ya tantance irinsu, ya rubuta abin da ya gani, ba tare da ya kama ko ya harbi ko ɗaya ba. Wasu nishaɗi ke kai su, wasu neman ilimi. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma ƙasar Kano ta daɗe da samun masu bibiyar nata: a 1981 Sharland da Wilkinson suka wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, lokacin Jigawa tana cikin Kano.

Wuraren da suka fi yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam daɗin wannan aiki ba su da yawa a kusa da birni. Dalili kuwa ruwa ne. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin babban kanal yana rarrabuwa zuwa gonaki a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. A watan Fabrairu, sa'ad da gonakin tudu suka bushe ƙayau, nan shinkafa da alkama da tumatir da albasa kore shar suke. Ga tafkunan ajiyar ruwa, ga kacala a bakinsu, ga laka. Inda waɗannan suka haɗu, tsuntsu ba ya rasa abinci.

Akwai 'yan gida da ake gani duk shekara: balbela, zalɓe, kurciya, hasbiya, hankaka, ragon maza, zakaran ƙeƙuwa. Shamuwa kan zo daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, shi ya sa manomi ke murna da ganinta. Daga Satumba zuwa Oktoba kuma baƙi ke sauka daga Turai da yammacin Asiya bayan sun ƙetare Sahara: ƙananan agwagin ruwa, tsuntsayen laka masu dogayen ƙafafu, da wani ɗan tsuntsu mai rawayar ciki da ke bin shanu yana kaɗa jela. Su koma a Maris ko Afrilu. Turawa ma sun daɗe suna gardama kan inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi, har a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock.

Sai dai mai kallon tsuntsu a wannan yanki ba zai jima ba zai ci karo da wata magana da ta zauna daram a bakin mutane: wai duk tsuntsu ɓarawon shinkafa ne. A kan wannan magana ake jiƙa hatsi da maganin ƙwari a watsa a bakin gona, a kanta ake sakar wa yara danƙo su harbi duk abin da ya yi fiffike. Kuskure ne, kuma mai tsada.

Ba a musun ɓarna. Jan baki bala'i ne na gaske. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai nauyin kusan giram 20 kacal, amma masana na ɗaukar sa a matsayin tsuntsun dawa mafi yawa a duniya, ana kiyasta shi da kusan biliyan ɗaya da rabi. Idan garkensa ya sauka kan shinkafar da ke madara, manomin da ya ci bashin taki yana da hujjar kuka. Wasu dangin marai ma suna taɓawa, kurciya na tsince irin da aka watsa, kirinjijiya kan shiga fadama da dare. Iyakar jerin masu laifin ke nan, ko kusa da haka. Shi kansa jan bakin, asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Yakan afka wa gona ne idan ta yi ƙaranci, kuma da ƙwari yake fara ciyar da 'ya'yansa.

Sauran fa? Bakin tsuntsu ya isa shaida. Mai cin ƙwaya bakinsa gajere ne mai kauri, don fasa hatsi. Mai cin ƙwari nasa siriri ne. Mai kamun kifi da kwaɗi nasa dogo ne mai tsini, mai cin nama kuma lanƙwasasshe. Wanda ya tsaya minti goma yana kallon balbela a bayan tarakta zai ga abin da take tsinta: fara, gyare, tsutsa, kwaɗo. Ko an zuba mata buhun shanshera ba ta da abin yi da shi. Zalɓe kifi da kwaɗi yake nema, kuma mai baƙin kai a cikinsu gwanin kama ɓera ne a kan kunya. Shamuwa fara da tsutsa take ci. Tsattsewa a sama take wuni tana kwasar ƙwari masu tashi. Zakaran ƙeƙuwa, duk da yawan ihunsa, ƙwarin ƙasa yake bi. Akwai kuma wani ƙaramin shaho fari-fari mai baƙar kafaɗa da jan ido, wanda kan tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike a saman gona. Ɓera yake dako. Waɗannan duka 'yan ƙodago ne da ba a biyan su ko kwabo, kuma su ake sakanya wa da guba.

Wadda ta fi shan zalunci ita ce mujiya. Ita laifi biyu aka ɗora mata: tsuntsuwa ce, kuma wai mayya ce. Idan ta yi kuka a kan soro sai a ce mutuwa ta kusa, gari na wayewa a bi ta da jifa. Malamai sun san cewa hadisi ingantacce ya kore camfi da tsuntsaye, kuma masu sharhi sun ambaci mujiya a cikin abin da aka kore, amma camfin ya ƙi barin zukata. Alhali mai son sanin sirrin mujiya ba ya bukatar boka. Ya duba ƙarƙashin inda take kwana zai tarar da dunƙule-dunƙulen da take amayarwa; ya fasa ɗaya da tsinke, gashi ne da ƙasusuwan ɓera. Farar mujiya mace da namiji, idan suna renon 'ya'ya, sukan kashe ɓeraye dubbai a shekara. A Malesiya manoman shinkafa da na kwakwar manja akwatuna suke kafa mata a kan dogayen sanduna don ta zauna ta hayayyafa. Manomin da ɓera ke yanke wa shinkafa da dare, ya kuma kashe mujiya da rana, da hannunsa ya kori mai gadinsa.

Gubar kanta ba ta tantancewa. Hatsin da aka jiƙa domin jan baki, kurciya da zabi da kajin maƙwabta ne ke fara ci. Shirwa da shaho su ɗauki gawar su mutu. Ruwan ban-ruwa ya wanke ragowar zuwa magudana, inda ake shayar da dabbobi, yara na kamun kifi. Mafi muni, akwai masu tsintar matattun tsuntsayen su soya, har su sayar. Wannan ganganci ne da rayukan mutane, babu wani suna da ya dace da shi. Hatta feshin fenthion da hukumomi ke yi ta jirgin sama a makwancin jan baki an san yana halaka tsuntsaye masu farauta da ke cin waɗanda suka faɗi, balle gubar da mutum ya dama a bokiti ba awo.

Wata ƙasa ta riga ta gwada wannan hanya har ƙarshenta. A 1958 gwamnatin Sin ta ayyana gwara cikin maƙiya huɗu da za a kawar, saboda tana cin hatsi. Jama'a suka fito da ganguna da kwanoni suna hana ta sauka har ta faɗo don gajiya. Da gwara ta ƙare, fara da sauran ƙwari suka samu sarari, abin da ya ƙara tsananta yunwar da ta biyo baya. A 1960 aka cire ta daga jerin, aka sa kuɗin cizo a gurbinta.

Abin da ke rage ɓarnar jan baki sananne ne: manoman sashe ɗaya su yi shuka lokaci guda don kada gona ɗaya ta nuna ita kaɗai, a yi noman ciyawa da kyau tunda ita ke fara jawo shi, a tsananta tsaro da igiya da gwangwani ko raga a makonnin da shinkafa ke madara, a yi girbi da zarar ta nuna. 

Mai son fara kallo ba ya bukatar kaya da yawa. Ido da kunne da ɗan littafi da biro sun isa a farko. Idan hali ya samu, madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Wanda ya fi shi ƙarfi sosai hannu ba ya riƙe shi ba rawa. Lokaci mafi kyau daga idar da sallar asuba ne zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya. A sa rana a baya, domin tsuntsun da aka kalla ta fuskar rana baƙi ƙirin yake fitowa. A bar farar riga a gida. A yi tafiya a hankali a kan gaɓar kanal ko kunya, a riƙa tsayawa, domin wanda ya zauna shiru a gindin bishiya ya fi mai yawo gani.

Kafin komai, sallama. Baƙon da ya tsaya a bakin gona da madubi yana rubuce-rubuce, a wannan zamani na rashin tsaro da rigingimun filaye, ba za a yi masa kyakkyawan zato ba, kuma ba laifin manomi ba ne. A gaida mai gona, a faɗi abin da ya kawo mutum, a miƙa masa madubin ya duba. Idan za a riƙa zuwa, a sanar da mai unguwa. Akwai riba a nan: dattijon da ya shekara arba'in a fadama ya san sunayen tsuntsaye da lokacin zuwansu, kuma sunayen kan bambanta daga gari zuwa gari. Littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma shi masu wannan aiki suka fi riƙewa, amma da Turanci yake, don haka a riƙa rubuta sunan Hausa kusa da kowane hoto.

A rubuta kwanan wata, wuri, lokaci, girman tsuntsu idan an kwatanta da kurciya, siffar baki, launin ƙafa, da abin da yake ci. Wanda ba a gane ba a bar shi a haka. Ƙirƙirar suna ya fi barin gurbi illa. Rubutun yana da inda za a kai shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos ce ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara a tsawo da faɗi, mai sa kai ya yi aƙalla awa biyu a gida ɗaya ya aika jerinsa ta manhajar BirdLasser. Matasan Arewa Atlas Team ne suka ɗauki nauyin wannan a arewa.

Kada a shiga ruwan kanal ba takalmin roba, saboda tsargiya. Kada a taɓa sheƙa ko ƙwai. Idan aka tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa wuri ɗaya, a nisance su a sanar da malamin gona ko likitan dabbobi. Ko guba ce, ko murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a Jaji a 2006. Tsuntsun da aka gani da zoben ƙarfe a ƙafa kuma ba na asiri ba ne, ba ɗan leƙen asiri ba ne. Masu bincike ne suka sa masa don gane hanyar ƙaurarsa, dabarar da aka fara a Denmak a 1899. A kan zoben akwai lamba da adireshi. A kwafe su daidai, a haɗa da wuri da kwanan wata, a aika wa cibiyar ta Jos.