Da Kunne Nake Kallon Fim

Duk daren da aka saki sabon kashi na wani fim mai dogon zango, musu ne ke biyo baya a ɗakin kwananmu. Wannan ya ce jarumar ta iya kwalliya, wancan ya ce hoton ya fita tar kamar na Turawa. Idan aka zo kaina kuwa, sai in ce wane ya iya magana, wance kuma haddace tata ta yi. Har ta kai abokaina sun laƙaba mini suna Malam Kunne. To, a wannan ɗan rubutu ina so in bayyana dalilin da ya sa nake auna fim da kunne, in kuma faɗi ra'ayina game da wasu finafinai da 'yan wasa da daraktoci na 'yan shekarun nan.

Ni Bayarabe ne, haifaffen Ibadan. Shagon mahaifiyata yana kusa da Sabo, unguwar Hausawa ta garinmu, kuma akwai wani mai shayi a gefenmu da ba ya rabo da sa faifan Ibro a 'yar talabijin ɗinsa. A kan bencinsa na fara tsintar Hausa, tun ban san abin da ake wa dariya ba har na fara riga wasu darawa. Lokacin da Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014, na ji kamar malamina na farko ne ya tafi. Wanda ya koyi harshe ta wannan hanya, dole kunnensa ya riga idonsa.

Sai dai kuma finafinan da kansu sun sauya, kuma sauyin ya zo daidai da irin kallona. Masana suna ɗaukar Turmin Danya na 1990 a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa a Kano. Bayan kamar shekara goma, finafinai irin su Sangaya da Wasila suka kafa salon waƙa da rawa, wanda ya riƙe kasuwa tsawon zamanin kaset da na faifai. A wancan lokaci waƙa ce ke sayar da fim, domin kuwa ita ake fara ji a talla, ita kuma ke sa mutum ya je ya saya. Daga baya kasuwar faifai ta durƙushe. Masu satar fasaha sun ci rabonsu, masu tura finafinai a waya sun ci nasu, ga kuma finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa sun janye 'yan kallo masu yawa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta buɗe wata ƙofa da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. A 2020 kuma, shekarar zaman gida saboda korona, Izzar So da Labarina suka nuna cewa ana iya tara miliyoyin 'yan kallo a YouTube, mako bayan mako.

Abin lura a nan shi ne, fim na sa'a biyu mai waƙa uku, kyan fuska da iya rawa suna iya ɗaukar nauyinsa. Amma labarin da za a yi wata da watanni ana bi, kowane mako kusan sa'a guda, ba abin da zai cike shi sai zance. Saboda haka marubuci ya samu daraja, haka kuma ɗan wasan da harshe ya zauna a bakinsa.

Alal misali, a zangunan farko na Labarina, wanda Aminu Saira ya ba da umarni, yawancin abokaina Sumayya da Mahmud da Presido suke bi, wato Nafisat Abdullahi da Nuhu Abdullahi da Isa Feroz Khan. Ni kuwa Baba Ɗan Audu nake jira. Rabi'u Rikadawa yana yin magana kamar ba a rubuta masa ba. Yakan fara zance, ya katse, ya yi rantsuwa, ya kauce, sa'annan ya dawo inda ya tsaya, kamar dai yadda dattawan da na sani a Sabo suke yi idan suna son su karɓi kuɗinka ba tare da sun roƙa ba. Mutum ne marar kirki a labarin, amma idan ya fito ba na ko taɓa waya. Na sha mayar da fitowarsa baya sau uku ko huɗu, ba don ban gane ba, sai don in ji inda ya ɗaga murya da inda ya sauke. Mu da muke fama da karin sauti a aji mun san cewa wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Haka nan Sani Mu'azu a matsayin Gwamna Bawa Maikada na jihar Alfawa a Kwana Casa'in. Hausarsa ta masu mulki ce, a hankali, ba gaggawa, yana yi maka barazana da lafazin da za ka ɗauka gaisuwa ce. Sadiq Sani Sadiq kuma, da ya karɓi ragamar sabon labarin Labarina a matsayin Mainasara, ya iya shiru. Ba kowane jarumi ne ya yarda ya bar shiru ya yi masa aiki ba. A ɓangaren barkwanci, Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya fi mini sauran, kuma ina ganin alƙalamin Nazir Adam Salih ne sirrinsa. Attajiri marowaci a keken guragu, da tarin 'ya'ya kowa na jiran gado: dariyar tana cikin baƙar magana da gatse, ba a faɗuwa ƙasa ko gwalo ba.

Izzar So fa? Na san a nan zan ɓata wa wasu rai. Ina girmama aikin Lawan Ahmad da marigayi darakta Nura Mustapha Waye, wanda ya rasu a 2022, kuma Aisha Najamu ta iya fitowa a mace mai izza har ka ji haushinta da gaske. Amma Umar Hashim ya cika nagarta. Idan ya buɗe baki, sau da yawa ba da abokin wasansa yake magana ba, da mu 'yan kallo yake, yana yi mana nasiha. Nasiha abu ne mai kyau, sai dai mutane ba sa hira da ita a ofis.

Wannan sabon tsari yana da nasa ciwon. Tun da kuɗin YouTube daga talla da yawan kallo yake zuwa, riba tana ga wanda ya ja labari. Sai ka ga mota ta tsaya a bakin gida, an yi ham, maigadi ya taso, ya buɗe ƙofa, ta shiga, an rufe, duk ana nuna mana. A shiga falo kuma a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi yara, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. A shekarata ta farko na ji daɗin wannan ƙwarai, don a nan na ƙware a gaisuwa. Yanzu kam datata nake tausayi.

Abu na biyu da ke damuna shi ne Ingausa. Da zarar an so a nuna cewa mutum ɗan boko ne ko mai kuɗi, sai a cika masa baki da Turanci, a bar tsantsar Hausa ga maigadi da 'yar aiki da mutumin ƙauye. Ban ce kada a surka ba, domin haka matasa ke magana a Kano da Kaduna, mu ma haka muke yi da Yarbanci. Amma idan kullum mai Hausa zalla shi ne talaka a fim, akwai abin da ake koya wa yara ba tare da an faɗa ba. Kuma abin mamaki, a waje harshen ne ake nema. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar Oscar ta finafinan ƙasashen waje saboda Turanci ya rinjayi Ibo a cikinsa. Fim ɗin da Nijeriya ta tura bayansa, The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, yawancinsa da Hausa aka yi, kuma Maryam Booth ta samu kyautar AMAA ta 2020 da shi. A 2024 ma fim ɗin Hausa aka zaɓa, wato Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, kan rikicin gadon sarauta a wata masarauta da aka ƙirƙira mai suna Jallaba. Bai kai zagayen ƙarshe ba. Duk da haka na ji daɗin ganin Adam A. Zango a rawar da ba ta soyayya ba, kuma dawakai da fada da rawuna sun tuna mini da abin da Aníkúlápó na Kunle Afolayan da Jagun Jagun na Femi Adebayo suka yi wa finafinan Yarbanci a 2022 da 2023. Inda na ɗan yi ƙorafi shi ne, a wasu wurare zancen ya yi mini kama da wanda aka fara tunaninsa da Turanci kafin a mayar da shi Hausa. Wataƙila kunnen ɗan koyo ne, amma haka na ji.

Wannan ya kawo ni ga fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto, wadda ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗaliban harshe. Na taɓa kallon wani fim tare da ƙanwata, wadda ba ta jin Hausa. Matar ta ce wa mijinta ya ci amanarta, sai fassarar ta nuna kamar wani abinci ya cinye mata. Ƙanwata ta tambaye ni, duk wannan kuka a kan abinci ne? Abin da ya ba ni dariya shi ne, da Yarbanci aka fassara da ba a sha wahala ba, domin mu ma muna cin bashi, muna cin sarauta, da kalmar ci ɗin nan tamu. Turanci ne ba ya cin waɗannan abubuwa. Daga ranar na buɗe littafi ina tara duk wani ci da na ji a fim: cin fuska, cin mutunci, cin zarafi, cin gindi, cin kasuwa, cin jarrabawa. Shi ne ma nake so ya zama aikina na shekarar ƙarshe, in malamaina sun amince. Mahaifina yakan tambaye ni wane aiki zan yi da digirin Hausa. Ga aiki nan a ƙasan kowane fim yana jiran mai yi.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi taɓa ni. A yawancin finafinan da na kalla tun ina yaro, idan Bayarabe ko Ibo ko Bagware ya fito, to don a yi dariyar gurɓatacciyar Hausarsa ne. Baban Chinedu ya yi suna da kwaikwayon Ibo, kuma ba zan yi ƙarya ba, na yi dariya har da hawaye. Mu ma a finafinanmu haka ake fito da Bahaushe, maigadi ko mai canji, yana karya Yarbanci. Amma a Sabo na san Yarbawa da aka haifa a Kano ko Zariya, waɗanda in suna magana ba ka isa ka raba su da Bakano ko Bazazzagi ba. Masana'antar kanta cike take da irinmu. Hadiza Gabon a Libreville aka haife ta, ga shi yau har shirin hira take gabatarwa da Hausa. Daɗin Kowa ya yi ƙoƙari da ya sa Kirista irin su Stephanie suna zaune cikin gari kamar kowa, ba don a yi musu dariya ba. Abin da nake jira shi ne ranar da Aminu Saira ko Falalu Ɗorayi zai fito da Bayarabe likita ko malami ko ma ɗan damfara, yana Hausa daidai, a bar sunansa kawai ya nuna asalinsa.

Da na je hutu na faɗa wa mai shayinmu wannan buri nawa. Yanzu ba faifai, a waya yake kallo, ya jingina ta da gwangwanin madara. Ya saurare ni har na gama, sa'annan ya ce in fara gyara yadda nake faɗin ƙ da ɗ tukuna, don har yanzu idan na ce ƙafa, kafa yake ji.