Wa Zai Gaji Kujerar Baba a Filin Ƙwallo?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau filin ƙwallo za mu, amma ba ruwanmu da wanda ya ci ko wanda aka lallasa. A bakin ƙofa za mu tsaya, inda ake karɓar kuɗi, mu ga wa ke shiga, wa kuma ke juyawa gida.

Mu fara da birnin Liverpool na Ingila. Ranar Asabar 6 ga Fabrairun 2016, Liverpool ta karɓi baƙuncin Sunderland a filin Anfield. Kocinta Jurgen Klopp ma ba ya wurin, yana asibiti ana yi masa tiyata. Duk da haka wasa ya yi wa masu gida daɗi, suna gaba da ci biyu da nema. Ana shiga minti na 77, sai mutane suka fara miƙewa. Layi bayan layi, kusan mutum 10,000 suka kama hanyar ƙofa suka fice, ƙungiyarsu tana cin wasa.

Minti na 77 ɗin da gangan aka zaɓe shi. Masu kulob ɗin, wasu attajiran Amurka, sun sanar cewa tikiti mafi tsada zai tashi daga fam 59 zuwa fam 77 a kaka mai zuwa. Bayan ficewar jama'a, Sunderland ta farke ƙwallayen nan biyu, aka tashi kunnen doki. Kwana huɗu tsakani masu kulob suka fito da takardar ban haƙuri, suka janye ƙarin, suka ce farashi zai tsaya yadda yake har kaka biyu. Wata guda bayan haka ƙungiyoyin Firimiya 20 suka amince cewa magoyin bayan da ya bi ƙungiyarsa wasan waje ba za a caje shi fiye da fam 30 ba.

(KIƊA)

To, yaya aka yi tikitin ƙwallo ya kai nan, a ƙasar da ma'aikatan masaƙa da 'yan dako na tashar jirgin ruwa suka raini wasan?

A kakar 1989, da fam 4 mutum zai shiga Anfield ya tsaya a bayan raga. A tsaye ake kallo, kafaɗa da kafaɗa, yaro ya kutsa gaba ya samu wuri. A watan Afrilun wannan shekara aka yi turmutsitsin filin Hillsborough da ke Sheffield, wanda ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97. Alƙalin da ya binciki lamarin, Mai shari'a Taylor, ya ba da shawarar a daina kallo a tsaye a manyan filaye, kowa ya samu kujera. Ya kuma ja kunne cewa a tsara farashin yadda masu ƙaramin ƙarfi ba za su rasa wuri ba. An ɗauki maganar kujera, an bar ta farashi a takarda. A 1992 aka kafa gasar Firimiya, kuɗin talabijin ya fara kwarara, albashin 'yan wasa ya yi sama, tikiti ya bi shi.

Wanda abin ya fi shafa shi ne saurayin da ya wuce shekarun rangwamen yara, amma bai kai ga albashin kirki ba. Ɗan shekara goma sha bakwai zuwa ashirin da 'yan kai, mai koyon sana'a ko ɗalibi. Shi ne mai muryar da ke ɗaga fili, shi ne kuma wanda aljihunsa ya fi na kowa rashin nauyi. Kujerun suka koma hannun magidanta masu tikitin kaka guda, suna sabuntawa duk shekara, suna tsufa a kansu. Ragowar kuma ana sayar wa baƙi 'yan yawon buɗe ido, waɗanda za su zo sau ɗaya, su biya ko nawa ne, su cika jaka da riguna a shagon kulob.

A Afrilun 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka so ɓallewa su kafa tasu gasar, shugaban Real Madrid Florentino Perez ya kafa hujja da cewa matasan yanzu ƙwallo ba ta gabansu, har ya kawo shawarar a rage tsawon wasa. Ni dai wannan magana ba ta kama hankalina ba. Duk wanda ya leƙa gidan kallo a Fagge ko Tudun Wadan Kaduna ko Zangon Kumasi ranar da Madrid ɗin ke wasa da Barcelona, ya san matasa na iya zama minti casa'in a kan benci, cikin zafi da ƙarar janareto, ba wanda zai motsa. An rufe wa yaro ƙofa da tsada, an dawo ana cewa ba ya son shiga.

Kuma tsadar ba ta tsaya ba. A ƙarshen 2024 Manchester United ta mayar da ragowar tikitocin wasanninta na gida fam 66, ta soke rangwamen yara da na tsofaffi, alhali a da fam 25 yaro ke biya. Uba da ɗansa, fam 132 ke nan kafin a yi maganar kuɗin mota.

Masu riƙe da littafin kuɗi suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Filin ya cika, mutane na layi, me zai sa a sayar da araha? Ga dokokin kashe kuɗi da ke ɗaure kowane kulob da abin da ya samu. Sai dai lissafin yana da wani gefe. Yarjejeniyar talabijin ta cikin gida da Firimiya ta ƙulla daga 2016 zuwa 2019 ta haura fam biliyan 5. Wani bincike da BBC ta yi ya nuna cewa a kakar farko ta wannan yarjejeniya, kusan rabin ƙungiyoyin 20 za su iya buga wasanninsu ba ɗan kallo ko ɗaya, su kuma ci riba. A 2020 annobar korona ta sa aka gwada hakan a zahiri. Kun tuna yadda wasannin suka zama? Ana jin ihun koci da ƙarar takalmi a kan ƙwallo. Sai da gidajen talabijin suka riƙa sa sautin 'yan kallo na naɗi don abin ya kallu. Ashe hayaniyar nan da ake ganin kyauta ce, tana cikin hajar da ake sayar wa duniya.

(KIƊA)

Akwai waɗanda suka bi wata hanya, kuma wadda ta fi burge ni ƙaramar ƙungiya ce. A 2007 Bradford City ta faɗa rukuni na huɗu a Ingila, bayan shekaru shida kacal da barin Firimiya, ga bashi ya yi mata katutu. Filinta na Valley Parade yana ɗaukar mutum kusan 25,000, amma fiye da rabinsa wayam. Shugabanninta suka karya farashin tikitin kaka guda zuwa fam 138. Wasannin gida 23 ne, wato fam 6 kowane wasa. Jama'a suka yi tururuwa. A wannan kaka, cikin gasar 'yan dagaji, sama da mutum 13,000 ke shiga kallonta duk wasa, fiye da lokacin da take rukunin da ke sama. Babu wata ƙungiya a ajinta da ta ko kusanto ta.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kujerar da ba kowa a kanta ba ta kawo ko sisi, ba ta sayen shayi, ba ta sayen riga, ba ta ihu. Magidancin da ya samu sauƙi kuma ba shi kaɗai zai zo ba, zai riƙo hannun ɗansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutum yakan canja gari, ya canja sana'a, amma da wuya ka ga wanda ya canja ƙungiyar da aka fara kai shi kallo yana ɗan shekara takwas. Yaran da suka shiga Valley Parade a 2007 su ne samarin da suka cika shi a Disambar 2012, daren da Bradford ta fitar da Arsenal daga gasar League Cup a bugun fenariti. 'Yan Arsenal da ke sauraronmu, a yi haƙuri da tuna baya.

A Jamus kuwa abin ya samo asali daga doka. Tun 1998 suke da ƙa'idar da ta ce mambobin kulob, wato magoya bayan da ke biyan kuɗin rajista, su ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a, ban da 'yan tsiraru irin su Leverkusen da Wolfsburg da kamfanoni suka kafa. Shugaban da ya san magoya baya ne za su zaɓe shi, yana tunani sau biyu kafin ya taɓa farashi. Sannan Jamusawa ba su taɓa soke kallo a tsaye ba. A Dortmund, ɓangaren kudu na filin yana ɗaukar mutum kusan 25,000 a tsaye, kuma an shafe shekaru tikitin wurin bai kai yuro 20 ba. A garuruwa da yawa tikitin wasan shi ne kuɗin jirgin ƙasa da bas na zuwa da dawowa.

Amma kar a ɗauka can aljanna ce. Tikitin kaka na Dortmund 55,000 ne, kuma wanda ya samu ba ya saki, don haka saurayin da ya taso yau zai daɗe yana jira. Araha kaɗai ba ta wadatar, sai an ware wa matasa nasu kason da ba mai taɓa shi.

Fortuna Dusseldorf ma ta wuce nan. A 2023 ta fara buɗe wasu wasanninta na gida kyauta, kamfanonin da ke tallafa mata suka ɗauki nauyi. Wasan farko da Kaiserslautern, a watan Oktoba, waɗanda suka nemi tikiti sun ninka kujerun filin fiye da sau biyu. An zura wa Fortuna uku da nema, ta farfaɗo ta ci huɗu da uku. A lura, kyautar ba buɗe ƙofa ba ce kowa ya afka. Sai ka yi rajista da sunanka, a ba ka kujerarka. Kulob ya san ko wane ne kai, ya san yadda zai neme ka gobe.

(KIƊA)

Mu dawo gida. Mu tamu matsalar ta sha bamban, domin kuɗin shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata bai taɓa zama irin na Turai ba, kuma Kano Pillars tana cikin ƙungiyoyin da suka fi tara jama'a a Najeriya. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya ji fili ya ɗauki "Sai Masu Gida" da murya ɗaya, ba ya bukatar a yi masa bayanin son ƙwallo. Da Ahmed Musa ya dawo ƙungiyar a 2021, ya sake dawowa a 2024, an ga yadda suna ɗaya ke jawo yaran da a talabijin kawai suka san shi.

Duk da haka, tambayi ɗan firamare a Kano ko Katsina ko Bauchi wace ƙungiya yake goyon baya. Zai ce Chelsea ko Madrid kafin ya tuna da Pillars ko Katsina United ko Wikki. Rigar da ke jikinsa ma ta faɗa maka. Wani ɓangare na laifin na masu tsara jadawali ne, da ke sa wasa ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, daidai lokacin da gidan kallo ke shirin nuna babban wasan Firimiya. Wani ɓangaren na tsarin mallaka ne. Galibin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, albashi daga baitulmali yake fitowa, don haka ba wanda barcinsa zai ƙaurace don ɗan kallo bai zo ba. Idan wasa ya yi zafi a ce an buɗe ƙofa kyauta, a yi ta turereniya, washegari ba wanda ya san su wa suka shiga.

Babban abin da ke hana uba ɗauko ɗansa shi ne tsoro. Jifa da duwatsu, afka wa alƙalin wasa, hayaƙi mai sa hawaye, 'yan shaye-shaye a kan dakali. Wace uwa ce za ta bar ɗan shekara tara ya je nan, balle 'ya mace? Kuma duk lokacin da aka yi rikici, hukumar gasa takan ci tarar ƙungiya, ta rage mata maki, ta kore ta daga gida. Pillars ta ɗanɗana wannan ba sau ɗaya ba, kuma ragin maki na cikin abin da ya jefa ta rukuni na biyu a 2022, kafin ta dawo a shekarar da ta biyo. Kowane wasan gida da aka buga a wani gari, ko a fili rufe, mako ne da yaron Ƙofar Mata ya ƙara sabawa da gidan kallo.

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin kowace ƙungiya ba. A keɓe ɓangare guda mai inuwa, da ƙofarsa daban da masu tsaronsa, na iyaye da yara kawai. A riƙa gayyato makarantun firamare da na Islamiyya bi da bi, su zo da malamansu, yaro ya shiga kyauta, ya koma gida da 'yar riga mai ruwan ɗorawa da kore. A buga tikitin kaka mai rahusa ga ɗalibai da masu koyon sana'a, da suna da lambar waya. A tanadi ruwan sha da wurin alwala, tunda La'asar a fili take riskar mutane. Sannan a zauna da hukumar gasa a nemi ranar Juma'a da yamma, lokacin da Turai ba ta cika yin manyan wasanninta ba.

A nan za mu dakata.

(KIƊAN RUFE SHIRI)