Niyya da lissafi: kayen magidanci a ƙasar Damargu

A ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram, kaka takan kama ne a wajajen watan Oktoba, kuma a lokacin ne magidanci yake ƙulla yawancin niyyoyinsa na shekara. A Falanko, kamar sauran garuruwan yankin, da zarar an ɗaure dammuna an kai su bakin rumbu, sai a ji wani ya ce bana zai fitar da zakka cikakkiya, wani ya ce zai turke rago domin layya, wani kuma ya ce zai soma tara guzurin aikin hajji. Dukkansu niyyoyi ne na alheri. Sai dai da yawa daga cikinsu ba sa kaiwa watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shuka ba ta nuna ba, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa.

Malamai sun daɗe suna karantar da matsayin niyya, har Imam Nawawi ya buɗe littafinsa na Arba'una Hadisi da hadisin da ya yi magana a kanta. Suratul Kahfi kuma ta umurci mumini ya jingina abin da zai aikata gobe ga yardar Ubangiji. Abin takaici, wasu sun mai da "in Allah ya yarda" wata hanya ta guje wa shiri. Alhali kuwa a cikin Suratu Yusufu an ba da labarin yadda Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shawarci mutanen Masar su ajiye hatsin shekaru bakwai na wadata a cikin zangarniyarsa domin shekaru bakwai na fari. Manomin Damargu ba ya bukatar tafinta a kan wannan ƙissa. A zangarniya yake ajiye geronsa, kuma magabatansa sun ga farin 1973 da na 1984, shi kansa ya ga ƙarancin abinci na 2005.

Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana da makamin da kakansa bai samu ba, watau kaye da alƙalami. Ga yadda lissafin yake. Ma'aikatan gona na Nijar sukan ƙiyasta cewa mutum guda yana cin kimanin kilo 231 na hatsi a shekara. Tiya guda ta gero tana kusan kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuma yana ɗaukar tiya 40. Gida mai mutum takwas ke nan yana bukatar wajen buhu 18 da rabi, ko a ce tiya biyu kowace rana.

A ɗauka wannan magidanci ya sami buhu 15 na gero. Nisabin zakkar hatsi shi ne wusuƙi biyar, wato sa'i 300, wanda ake ƙiyastawa da kimanin kilo 650, saboda haka zakka ta hau kansa. Tun da ruwan sama ne ya shayar da gonar, ɗaya bisa goma zai fitar, wato buhu ɗaya da rabi. Da da guga ko injin ban ruwa ya shayar, rabin haka ne. A mazhabar Maliku, kamar yadda Risala ta bayyana, gero daban ake auna shi, dawa ma daban, ba a haɗa su domin cika nisabi, bashi kuma ba ya kayar da zakkar amfanin gona. Abin da ya saura a rumbu buhu 13 da rabi ne, tiya 540, abincin kwana 270. Idan an fara ɗiba a tsakiyar Oktoba, zai ƙare a tsakiyar Yuli, ba a ma cire iri ba, ba a cire zakkar fidda kai ba, wadda take mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum.

Wannan giɓi na wata uku yana nan tun ranar da aka rufe rumbu. Wanda ya rubuta shi ya san da shi tun a Oktoba, yana da wata tara na neman mafita: ya sayar da wake ya bar gero, ya tura babban ɗansa cin rani Damagaram ko Agadas da sanin adadin da ake jira daga gare shi, ya shiga bankin hatsi na gari idan akwai, ko ya ɗage bikin da ya yi niyya. Wanda bai rubuta ba kuwa sai a Yuli zai gano, a tsakiyar noma, kuma a lokacin ne mutane suke faɗawa cikin rancen da ake biya ninki a kaka, wanda shari'a ta hana.

Akwai wani abu da ma'aikatan raya karkara sukan manta idan suna tsara ayyuka a ofis: manomi musulmi da kalanda biyu yake aiki, ta ruwan sama da ta wata. Shekarar Hijira kwana 354 ce, tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2010 babbar salla ta zo ne a watan Nuwamba, bayan kaka, ga harawa ga kara. A 2025 ta zo a farkon Yuni, lokacin da ciyawa ta ƙare a daji, dusa kuma ta yi tsada. Rago ɗaya ne, amma kuɗin turke shi ba ɗaya ba ne. Haka azumi: a 2011 ya faɗo cikin Agusta ana tsakar noma, a 2025 ya faɗo cikin Maris.

Shari'a ta riga ta jera abubuwa bisa matsayinsu, kuma bin wannan jeri yana rage wa magidanci nauyi. Ciyar da iyali wajibi ne, zakka farilla ce ga wanda ya kai nisabi, layya sunna ce mai ƙarfi ga mai hali, hajji kuma sai ga wanda ya sami iko. Kujerar hajji daga Nijar ta haura miliyan 3 na sefa a 2023. Tafiya ce ta shekaru, wadda ake tarawa da akuya da tinkiya, kuma babu laifi ga wanda ajali ya riske shi bai samu ikon zuwa ba. Laifin yana ga wanda ya sayar da abincin yara don maƙwabta su ga ƙahon rago a ƙofar gidansa.

Kaye mai warƙa 32 ya isa shekara guda, a rubuta shi da boko ko da ajami. A shafin farko a sa yawan dammuna da zakkar da aka fitar. A na biyu a sa ranar da aka buɗe rumbu da abin da ake ɗiba, a riƙa dubawa duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tare da uwargida, domin ita ce ta san abin da yake shiga turmi. An ruwaito cewa Sayyidina Umaru ya yi wa mutane nasiha su riƙa yi wa kansu hisabi tun suna duniya, kuma malamai suna kiran wannan ɗabi'a muhasaba. Mahaddatan tsangaya sun san amfaninta tun da can: Alƙur'ani izu 60 ne, mai karanta izu biyu a rana yana sauka cikin wata guda, mai izu ɗaya cikin wata biyu. Shi ma wannan ana iya ware masa shafi, a riƙa jan layi ɗaya bayan sallar asuba.