Manhajar da za ta san dala da jika: abin da tsarin XP ke nufi ga gari irin Dawce

A ƙaramar hukumar Dawce da ke gundumar Kance a jihar Damagaram, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Matameye, kuɗi iri biyu ne ke yawo a hannun jama'a: sefa da naira. Iyakar Najeriya na nan kusa, kuma ta Ɗan Barto kaya da 'yan ci-rani ke bi zuwa Daura da Kano. Ita kanta sefar ba a ƙirga ta yadda aka rubuta a jikinta. Idan mai tebur ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Idan ya ce jika, 1,000 ke nan.

Wannan ɗan bambanci zai iya rusa aikin wata shida ga matashin da ya koyi rubuta manhaja a Yamai ko Kano, ko ɗan yankin da ke zaune a Faransa yana son haɗa wa 'yan gida manhajar rubuta bashi ko ta lissafin adashi. Manhajar za ta yi kyau a fuskar waya, lissafinta kuma ya fita daidai. Amma ranar da ta isa hannun mai shago, sai ya danna 20 yana nufin dala, ita kuma ta rubuta masa sefa 20 maimakon 100. Kwana biyu ya ishe shi ya koma wa littafinsa da biro.

Irin wannan ciwo, wato a ɓata lokaci da kuɗi ana gina abin da mai shi bai nema ba, shi ne ya haifar da tsarin aikin da ake kira Extreme Programming, ko XP a taƙaice.

A kamfanin ƙera motoci na Chrysler da ke Amurka aka fara shi. Kamfanin na son sabuwar manhaja guda da za ta riƙa biyan albashin ma'aikata kusan 87,000, amma aikin ya daɗe yana tafiyar hawainiya. A watan Maris na 1996 aka ɗora wani injiniya mai suna Kent Beck a kan aikin, shi kuma ya jawo Ron Jeffries don ya horar da ma'aikatan a kan sabon salo. A wancan zamani abin da aka saba shi ne a shafe watanni ana rubuta duk abin da ake buƙata a cikin kundi mai kauri, a sa hannu, sannan magina su shige ɗaki, ba a sake ganin su sai sun gama. Beck ya juya abin. Ana rubuta kowace buƙata a kan ɗan kati da kalmomin mai aikin, shi ne zai zaɓi waɗanda suka fi muhimmanci, kuma duk bayan mako uku sai an nuna masa abin da ke aiki da gaske. A 1999 Beck ya fitar da littafin da ya bayyana tsarin. A watan Fabrairun 2001 kuma yana cikin mutum 17 da suka taru a Snowbird ta jihar Utah suka fitar da sanarwar da ta kafa tafiyar Agile, wadda XP ke cikin manyan rassanta.

Sunan na iya tsorata mutum, amma ma'anarsa mai sauƙi ce: duk ɗabi'ar da aka san tana da amfani, a kai ta maƙura. Tunda duba aikin wani yana rage kuskure, to mutum biyu su zauna a kan kwamfuta ɗaya, ɗaya na rubutu ɗaya na dubawa, suna musanya. Tunda gwaji yana da amfani, to a rubuta gwajin tun kafin a rubuta manhajar. Tunda jin ta bakin mai aiki yana da amfani, to ya zauna tare da magina kullum.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar gari irin Dawce. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Babu kundin buƙatu da za a rubuta a ofis wanda zai tuna cewa ana auna hatsi da tiya, cewa mutum kan karɓi bashi da naira ya biya da sefa, ko cewa waya ɗaya na iya zama ta mutum uku a gida guda. Babu kuma wanda zai tuna cewa da yawa daga masu amfani da waya sun fi gane saƙon murya a kan rubutu, a ƙasar da manya masu iya karatu da rubutu ba su kai rabi ba. Mai shago ko uwar adashi da ke zaune kusa da magini za su faɗi waɗannan a ranar farko, ba don an tambaye su ba, sai don sun ga abin a gabansu sun ce ba haka ake yi ba.

Daga nan ne gwajin da ake fara rubutawa yake samun ma'ana. Kafin magini ya taɓa sashen lissafi, zai rubuta ɗan umarni da ke cewa: idan aka shigar da dala ashirin, dole amsa ta zama 100, idan aka shigar da jika biyu da rabi, dole ta zama 2,500. Da farko gwajin zai faɗi, tunda ba a gina komai ba. Sai a rubuta iya abin da zai sa ya wuce, ba ƙari. Gwaje-gwajen nan suna taruwa har su kai ɗaruruwa, kuma kwamfuta ce ke sake bin su duk lokacin da aka taɓa wani abu. Amfaninsu kan fito ne bayan watanni, ranar da za a canza wani sashe ana fargabar kada wani ya lalace. Beck da Erich Gamma sun haɗa JUnit, kayan aikin irin wannan gwaji, wanda har yau masu rubuta manhaja da harshen Java ke amfani da shi, kuma kyauta ne.

Wanda ke shakkar cewa buƙata na canzawa a tsakiyar aiki, ya duba shekarar 2023 kaɗai a wannan yanki. A farkonta canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ƙaranci har a kasuwannin bakin iyaka. A watan Yuni Najeriya ta saki farashin naira, darajarta ta faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, kuma ba a sake buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. Manhajar da aka tsara a watan Janairu da farashin canji a kafe, aka kuma ɗauka cewa wuta da rezo za su kasance kullum, da ta tsufa tun kafin a gama ta. Wanda ke fitar da aikinsa kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu ko uku, shi ne zai iya ajiye katin da ke hannunsa ya ɗauko na "manhaja ta yi aiki ko babu intanet".

Sai dai XP ba maganin ƙwari ba ne da za a fesa a tafi. Aikin Chrysler ɗin da aka haifi tsarin a cikinsa bai kai gaci ba. Manhajar ta fara biyan mutum kusan 10,000 a 1997, amma ba ta taɓa kai wa ga dukkan ma'aikatan ba, kuma a watan Fabrairun 2000, bayan haɗewar kamfanin da Daimler-Benz, aka soke aikin. Masu sukar tsarin har yau da wannan suke kafa hujja. Abin da ya fi wuya a can shi ne kujerar wakilin masu aiki: wadda ta fara riƙe ta ta gaji ta sauka, kuma maye gurbinta bai zo da sauƙi ba.

Idan hakan ta faru da ma'aikaciyar da ake biya albashi, ina ga mai shago a Dawce da zai rufe shagonsa ranar kasuwa, ko manomin rake da lambunsa ke jiransa? Duk wanda ke son lokacin irin waɗannan mutane, sai ya biya su kamar yadda yake biyan magini, ko kuma shi ya ɗauki kwamfutarsa ya je ya zauna a bakin shagon. Masu zuba kuɗi daga waje sun fi saurin amincewa da kuɗin talla da na tambari a kan kuɗin motar zuwa ƙauye, alhali na biyun ne ke nuna ko manhajar za ta rayu.

Zaman mutum biyu a kan kwamfuta ɗaya ma yana da masu ƙorafi, don a ido kamar biyan albashi biyu ne a kan aiki ɗaya. Wani bincike da Laurie Williams ta yi da ɗalibai a Jami'ar Utah a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa ƙarin lokacin da biyun ke ci bai wuce kusan kashi 15 cikin 100 ba, kuma kurakuran aikinsu sun fi kaɗan. Ɗalibai ne, ba kamfani ba, saboda haka ba a ɗaukar sakamakon kamar yankan wuƙa. Amma a inda kwamfutoci suka yi ƙaranci kuma gwanaye ba su da yawa, salon na da wata riba ta daban: ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ya zauna kusa da wanda ya fi shi, koyo yake yi yayin da ake aiki. Sannan a yankin da matasa ke tashi zuwa Aljeriya, Libiya ko Legas ba tare da dogon shiri ba, idan ɗaya ya tafi, akwai wanda ya san inda aka tsaya.

Akwai kuma ƙa'idar da masu kafa ƙananan kamfanoni suka fi saurin tsallakewa. A littafinsa na 1999 Beck ya sa aikin awa 40 a mako cikin sharuɗɗan tsarin, ya kuma hana a yi aikin wuce lokaci mako biyu a jere, bisa hujjar cewa gajiyayyen magini kuskure yake shukawa wanda wani zai zo ya cire. Ga matashin da ke jiran a kawo wuta da tsakar dare kafin ya kunna kwamfuta, wannan sharaɗi ya fi duk sauran wuyar cikawa.