Zaɓen Gajerun Furanni Masu Daɗewa Don Sahun Gaba Na Lambu

A gidaje da makarantu da asibitoci da ofisoshi a ko'ina cikin Nijeriya, akan ja dogon fangali a gindin katanga ko a gefen hanya a shuka furanni. Ƙa'idar irin wannan fangali ita ce a jera shuke-shuke kamar yadda ake jera 'yan makaranta wajen ɗaukar hoto, watau dogaye a baya, matsakaita a tsakiya, gajeru a gaba. Sahun gaba shi ne wanda ido yake fara sauka a kansa, kuma shi ne ya fi shan wahala. Ƙafar mai wucewa tana taka shi, zafin daɓen siminti yana gasa shi, ruwan indararo yana zubo masa, akuya kuma da shi take fara gaisawa. Saboda haka zaɓen abin da za a sa a wurin yana bukatar tunani fiye da yadda yawancin masu gida suke zato.

Furanni iri biyu ne. Akwai masu damina ɗaya, waɗanda suke tsirowa, su yi fure, su zubar da iri, su mutu cikin 'yan watanni. Akwai kuma masu daɗewa, waɗanda saiwarsu take rayuwa shekara da shekaru ko da ganyen ya bushe da rani. Wanda ya cika sahun gaba da masu damina ɗaya zai riƙa sayen iri da yin dashe kowace shekara, fangalinsa kuma ya zauna fayau rabin shekara. Wanda ya sa masu daɗewa sau ɗaya zai kashe kuɗi, daga baya ma shi zai riƙa ba maƙwabta dashe.

Tsawo da faɗi

Shukar sahun gaba kada ta wuce santimita 30, watau kamar ƙafa ɗaya, in ta gama girma. Abin lura a nan shi ne tsawon da za ta kai bayan shekara guda, domin ɗan tsiron da ake sayarwa cikin leda a bakin titi ba ya nuna iyakarsa. Ya kamata mai saye ya nemi a nuna masa uwar shukar. Haka nan a lura da faɗi. Shukar da za ta bazu santimita 40 sai a ja da ita baya santimita 20 daga bakin hanya, in ba haka ba kullum almakashi yana hannu.

Akwai wani dalili kuma da ya sa ake son gajeru a bakin hanya. Duhuwar ganye mai kauri a inda yara suke wasa mafaka ce ta maciji da kunama. Sahun da aka tsare shi gajere, ana ganin ƙasa ta tsakaninsa, ya fi aminci.

Kowane yanki da nasa

Ƙasar nan ba yanayinta ɗaya ba. A Sakkwato da Maiduguri ruwan shekara bai cika kai milimita 800 ba, rani kuma yakan yi wata bakwai ko fiye. A Fatakwal da Kalaba ruwan shekara ya haura milimita 2,000. Shukar da fari ba ya kashe ta a Katsina tana iya ruɓewa a Warri saboda yawan danshi. Furannin da ake gani cikin littattafan lambu na Ingila kuwa, yawancinsu sun saba da sanyi, ba sa jure zafin bazara. Sai a wurare masu tudu kamar Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, da tsaunin Mambila, ake samun waɗansunsu su yi kyau. Mutumin Kano da ya sayi irinsu don sha'awar hoto ya yi asarar kuɗinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya zaga unguwarsu a watan Maris ko Afrilu, ya ga abin da ya rage kore a lambunan da ba a cika yi musu ban-ruwa ba.

Masu son rana da jure fari

Na farko shi ne Portulaca, ɗan'uwan fasa-ƙaba da ke tsirowa a gonaki. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. Ba ya wuce santimita 15, ganyensa mai kauri ne yana ajiye ruwa, furensa kuwa akwai ja da rawaya da fari da ruwan hoda. Yakan buɗe da hantsi ya rufe kafin maraice, shi ya sa a Indiya ake ce masa furen ƙarfe tara, a Burazil kuma furen ƙarfe goma sha ɗaya. Gindi ɗaya ba ya daɗewa ƙwarai, amma duk reshen da aka karya aka soka a ƙasa yana kamawa cikin kwanaki kaɗan, don haka fangalin ba ya mutuwa. Jigawa yake so. A ƙasa mai laka inda ruwa yake kwanciya, ruɓewa yake yi.

Na biyu shi ne Catharanthus, mai fure fari ko ruwan hoda mai kunne biyar, wanda ake gani a harabar asibitoci da yawa. Daga tsibirin Madagaska ya fito. Yana fure kusan duk shekara, awaki kuma ba su cika cinsa ba saboda ɗacinsa. Irin da aka saba da shi yakan kai santimita 60 ko fiye, saboda haka sai a nemi gajeren iri, ko a riƙa tsinke kan reshe tun yana ƙarami don ya yi cunkus. Daga wannan shuka ne masana a Kanada suka fitar da wani maganin ciwon daji a 1958, kuma har yanzu ana amfani da magungunan da aka samo daga gare ta. Amma wannan aikin masu ilmin haɗa magani ne. Shukar tana da dafi, kada a dafa ganyenta a sha, a kuma hana yara tauna ta.

Na uku shi ne Zephyranthes, wanda yake da kai a ƙasa kamar ƙaramar albasa, ya yi kama da albasar kwaɗi amma ya fi ta ƙanƙanta nesa. Da rani yakan yi lamo kamar ya mutu. Kwana kaɗan bayan an yi ruwa mai yawa sai a wayi gari sahun duka ya fashe da fure. Ana binne kawunan da tazarar santimita 10. Shi ma kansa yana da dafi, kada a ajiye shi kusa da albasar miya. Da yake wurinsa yakan zama wofi da rani, yana da kyau a cuɗanya shi da Portulaca.

Masu kyan ganye, da masu son inuwa

Inda fure ba ya samuwa kullum, ganye mai launi yana rufe giɓin. Alternanthera ganyenta ja ne ko rawaya ko kore, ita ce ake rubuta sunan makaranta da ita a kan fili. Tana son ruwa da aski a kai a kai, don haka ta fi dacewa da kudu, ko gidan da yake da rijiya. Tradescantia iri biyu ake samu, mai ganye shunayya duka mai rarrafe, da mai ganye a tsaye kore a sama shunayya a ƙasa. Dukansu suna jure rana da 'yar inuwa, amma ruwan jikinsu yakan sa ƙaiƙayi, sai a wanke hannu bayan an taɓa su.

A ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya, inda rana ba ta sauka sosai, Chlorophytum mai siririn ganye da farin zane ita ce ta fi. 'Yar Afirka ce, saiwarta tana da kumburi mai ajiye ruwa. Gajeren irin moda, wanda ba ya wuce taƙi guda, shi ma yana zama a inuwa, kuma yana iya yin makonni ba ruwa. Sai dai shi da Tradescantia mai tsaye ganyensu yana yin kamar mazurari, ruwa yakan taru a ciki da damina, sauro kuwa ko ɗan ruwa kaɗan ya ishe shi yin ƙwai. Kada a cika su a gindin tagar ɗakin kwana, a kuma riƙa rage su in sun yi cunkoso.

Waɗanda za a yi hattara da su

Wedelia, mai rarrafe da ƙaramin fure rawaya, tana rufe ƙasa da sauri, shi ya sa masu sayarwa suke yabonta. Saurin nan shi ne aibinta. Kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, cikin damina biyu ta shaƙe duk abin da ke bayanta, in an zubar da yankakkun rassanta a juji ko bakin rafi kuma can ma sai ta kama. A shekara ta 2000 ƙungiyar IUCN mai kula da kiyaye halittu ta sa ta cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna wajen mamaye wuraren da ba nasu ba. Lantana ma tana cikin jerin, ganyenta kuma yana lalata hantar shanu da tumaki. Gidan da ake kiwo bai kamata a sa ta ba. Na'a-na'a tana da amfani ga mai shayi, amma ita ma mai yaɗo ce, sai a dasa ta cikin tukunya a binne tukunyar.

Dashe da kulawa

A arewa lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, don saiwa ta yi nisa kafin hunturu. A kudu ana iya farawa tun Afrilu ko Mayu. A kafce ƙasa zurfin taƙi guda, a gauraya ta da taki wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Inda ruwa yake kwanciya a ɗaga fangalin sama da hanya kaɗan. A yi dashen da yamma, a ba shi ruwa nan take.

Iri ɗaya ko biyu da aka jera da yawa sun fi kyan gani bisa ga iri goma da aka watsa ɗaya ɗaya. Da rani, ban-ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana take ƙona ta. Busasshiyar ciyawa da aka shimfiɗa a gindi tana tsare danshi, amma tana kiran gara, saboda haka kada ta taɓa jikin shukar ko katangar gida. Bayan shekara biyu ko uku, in tsakiyar gindi ya fara bushewa, sai a tone shi a farkon damina, a raba shi kashi uku ko huɗu, a yar da tsohon tsakiyar, a mai da sauran cikin ƙasar da aka sabunta da taki.