Ɗan aike ake juyawa, mai gida yana zaune

Nakan ji matasanmu masu rubuta manhajar intanet suna cewa da zarar sabar ta mayar da amsar 302, burauza za ta bar shafin da take kai ta koma inda aka nuna mata, ko ta wace hanya buƙatar ta je. Ban ga laifinsu ba, don haka suka saba gani idan an cika fom aka danna maɓalli: wannan shafi ya tafi, wani ya zo. Sai dai in buƙatar ta bi ta AJAX, wato fetch ko XMLHttpRequest, labari ya sha bamban.

A nan JavaScript ɗan aike ne. Ka tura yaro shago, mai shago ya ce kayan suna shagon gaba. Yaron ne zai ƙarasa can, kai kuwa kana kan tabarmarka. Haka burauza take yi: ta bi sabon adireshin a ɓoye, ta miƙo amsar ƙarshe, shafi bai motsa ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne lokacin da wa'adin shigar mutum ya ƙare. Ya gama rubutu, ya danna "Ajiye", sabar ta tura buƙatar zuwa shafin shiga. Abin da ya dawo lamba 200 ce, ɗauke da HTML na shafin shiga. In manhajar JSON take jira, sai ta yi tuntuɓe da alamar < ta farko. In kuma lambar kaɗai take dubawa, sai ta ce masa an ajiye, alhali ko harafi ɗaya bai shiga ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin aikin bawan Allah ya salwanta bai sani ba.

Wasu kan ce a sa redirect: "manual" a cikin fetch. Ko an sa, lamba 0 za a samu, kuma ba a iya karanta Location, wato inda sabar ke rubuta sabon adireshin.

Gyaran ba wuya. Sabar ta mayar da 401, ko ta sa adireshin cikin JSON, sannan JavaScript da kanta ta kai mutum ta window.location.href. In ba a son maɓallin komawa baya ya dawo da shi tsohon shafi, location.replace ta fi. Wanda ba shi da iko da sabar, ya duba response.redirected da response.url.

Ɗan'uwa, kafin ka miƙa aikinka, bari wa'adin shiga ya ƙare, ka danna "Ajiye", ka ga abin da manhajarka za ta gaya maka.